Goggona a Babi na Huɗu

Na taɓa rubuta littafi. Ban cika faɗa ba, domin duk wanda na gaya wa sai ya ce in ba shi ya gani, ni kuwa ko kwafi ɗaya ban ajiye ba. Ɗan siririn littafi ne mai koren bango, bai kai kaurin littafin lissafin 'yan aji uku ba. A kan zunubi da farin ciki a wannan zamani na yi shi. Shekarata ashirin da bakwai a lokacin, ina koyarwa a wata firamare a nan Lafia. Ban yi aure ba, ban taɓa wuce Jos ba, amma na zauna na gyara zama zan koya wa duniya abin da ke sa mutum farin ciki.

Magana ɗaya ce tak a cikin littafin, na yi ta juya ta daga bango zuwa bango: duk wanda ka gani yana dariya a cikin saɓo, a zuci kuka yake yi. Ba ni na gano wannan ba. A gindin mangwaron makarantarmu na tsince ta, inda mu matasan malamai muke zama bayan an tashi yara. Tsakiyar shekarun tamanin ne, wa'azin kaset ya cika gari, duk wanda ya saurari kaset biyu sai ya tashi da fatawa a bakinsa. Mu ma haka muka zama. Albashi ba ya zuwa a kan kari, alli ma wani lokaci babu, amma a gindin mangwaron nan kullum sai mun raba mutanen Lafia, mun tura wasu aljanna, saura kuwa mun san inda muka ajiye su.

A gidan Goggo nake zaune. Ƙanwar babana ce. Da uwata ta rasu, ita ta je ƙauyenmu da ke kusa da Kwandere ta ɗauko ni daga gonar doya, ta ce wannan makaranta zai yi, ba ta kuma nemi shawarar kowa ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka ni ne ɗan, ni ne abokin faɗan. Gishirin garin Awe take sayarwa a kasuwa. Amma in ka tambayi gidan mai gishiri ba lallai a gane ba. Ka ce gidan mai ƙwarya, ko yaro ya kawo ka har ƙofa.

Kiɗan ƙwarya take yi a wunin biki, a cikin gida, tsakanin mata zalla. Su huɗu ne. Za a cika babban baho da ruwa a kife ƙwarya a kai, a jera ƙanana a kan tsumma, sauran ukun suna kaɗawa suna amshi, ita tana ba da waƙa. Tana yi da Hausa, tana yi da Gwandara, in gidan Alago ne ko na Eggon sai ta tsoma 'yan kalmominsu, a karkace, su kuwa su yi ta shewa. Gwanintarta tsiya ce. Za ta kama dangin ango ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa uwar ango waƙar rowar manja, ta yi wa ƙanwarsa waƙar tafiya, ba wanda yake jin haushi, wadda aka tsallake ce ma take fushi. Tana da wani hali da kowa ya sani: abin da za ta faɗa yakan ba ta dariya tun kafin ta faɗe shi. Sai waƙar ta tsaya cak, ta riƙe ciki, hawaye suna zuba, tana sharewa da bakin mayafi, masu ƙwarya suna ta juya kiɗa suna jiranta. Mata sukan ce in mai ƙwarya ba ta yi hawaye ba, bikin bai yi armashi ba. Ban taɓa ganin mutum mai jin daɗin ransa kamar matar nan ba, kuma na san haka tun a lokacin.

Wata rana a gindin mangwaro na zage ina sukar kiɗa da waƙa, bakina har kumfa. Wani abokin aikina, ɗan wani ɗan kasuwa ne da asalinsu Kano, ya bari sai da na kai aya, sannan ya ce cikin sanyin murya ai da na fara wa'azin daga gidanmu, tunda a can ake jiƙa ƙwarya. Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, ta dole. Daga ranar suka laƙa mini ɗan mai ƙwarya. Na yi shekaru ina gaya wa mutane kishin addini ne ya sa na yi littafin nan. Ƙarya ne. Wannan dariyar ce ta sa.

Da keken buga takardu na ofishin hedimasta na buga shi, da yatsa biyu, ranakun Asabar. Babi na ɗaya a kan gidan kallon bidiyo ne, inda ake nuna finafinan Indiya. Na biyu a kan gidajen burkutu na hanyar Shabu. Na uku a kan samari masu yawo da rediyon kaset a kafaɗa. Ban taɓa shiga gidan bidiyo ba, ban san ƙofar gidan burkutu ba, rediyon kuwa ba ni da halin saye, shi ya sa babukan nan uku suka fito a bushe, tsawa kawai da barazana. Babi na huɗu ne a kan bukukuwa. Nan kam na san abin da nake faɗa. Na kawo bahon, na kawo ruwan, na kawo yadda ake ɗaura zane a tashi rawa, har ƙamshin turaren wuta. Sannan na rubuta cewa na san wata mawaƙiya a wani gari wadda takan tsaya a tsakiyar waƙa ta fashe da kuka, mata suna zaton dariya ce, alhali zuciyarta ce take tuna mata kabari. Na ce ga hujja a fili, mai saɓo ba ya farin ciki ko da haƙoransa suna waje.

Akwai abin da na sani na ƙi rubutawa. A cikin littattafan da na aro don wannan aiki na ga cewa malamai da yawa ba su ga laifin mata su yi waƙa a tsakaninsu ranar biki ba, in dai babu batsa babu cuɗanya da maza. Na karanta wurin har sau biyu. Sai na rufe littafin na mayar wa mai shi, domin in na sa wannan, babina ya lalace.

Ban ambaci suna ba, kuma na ce a wani gari ne. A ganina na yi sutura ke nan. Dubi wautar ɗan boko. Mutumin da ya girma a Lafia, ya san in akuya ta ɓata a wata unguwa kafin azahar an san wanda ya gan ta a wata, shi ne yake zaton zai rubuta mawaƙiyar da take hawaye a tsakiyar waƙa a kasa gane ta. Ita kaɗai ce a garin nan.

Wani alhaji mai shagon atamfa ya ga rubutun ya yaba, ya ɗauki nauyin bugawa a Jos. Aka baza shi a ƙofar masallacin Juma'a da tashar mota. Babukan farko ba wanda ya damu da su. Na huɗun ne aka riƙa karanta wa matan aure a Islamiyya bayan la'asar, kuma an ce malamar ba ta kai ƙarshen shafi sai mata su fara duban juna. Daga Islamiyya maganar ta shiga kasuwa. Wata mai sayar da barkono, maƙwabciyar Goggo a rumfa, ita ta ba ta labari tiryan-tiryan.

Na shirya wa faɗa. Na san bakin Goggo, in ta kama mutum sai ta yi masa tas a gaban jama'a kuma kowa yana dariya. Har na tanadi amsoshi, na jera su a kaina. Ran nan ta dawo daga kasuwa da wuri, ta yi sallar la'asar, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kwance bakin zanenta ta fito da littafin. Da kanta ta je tasha ta saya. Ta miƙo mini ta ce in karanta mata na huɗun, tunda ita ba ta iya ba.

Na fara karantawa. Da na iso wurin hawayen sai na yi tsalle zuwa shafi na gaba. Ta ɗaga hannu.

"Ka bar wurin kuka," in ji ta. "Koma."

Na koma na karanta. Ta zuba wa ƙafafunta ido, sannan ta yi mini tambaya. Hausar Goggo irin ta mutanenmu ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kuma har yau da muryarta nake jin tambayar.

"Wannan mata, shi ne ni?"

Na ce ai ban sa sunan kowa ba.

"Ban tambaye ka suna ba, ɗana."

Daga nan ta bar wannan maganar. Sai ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da na rubuta, cewa duk macen da ta taka rawa a kiɗanta, zunubin yana wuyan ita mai kiɗan. A nan ne ya kamata in ce mata Goggo, na zuzuta, na kuma ɓoye rabi. Amma na riga na hau dokin malanta, sauka kuwa kunya. Na ce haka littattafai suka nuna. Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce ita dai a saninta dariya ce take sa ta hawaye, amma tunda wanda ya yi karatu ya duba ya ga kuka ne, wataƙila baƙin ciki take yi ba ta sani ba. Na dubi fuskarta ina neman alamar gatse, irin nata. Babu. Da gaske take.

Abin da ban lissafa ba ke nan. Matar nan ta yi shekaru tana ɗaukar buhun gishiri don in yi makaranta, kuma ta yarda da makarantar fiye da yadda ni na yarda da ita. A wurinta, abin da aka buga da inji a Jos ba ya ƙarya, balle ɗanta ne ya rubuta.

Akwai bikin da ta riga ta karɓi goronsa na Asabar mai zuwa. Ta mayar da goron. Abokan kiɗanta uku suka zo gida suka yi ta lallashi, ta ce ta bari. Da za su fita, babbarsu, wata doguwar mata Alago, ta tsaya a kaina ina alwala ta zazzaga mini magana da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane duka. Ƙoren kuwa Goggo ta raba wa maƙwabta, babbar ta koma ta wankin shinkafa.

Ni kuwa kasuwata ta buɗe. Alhaji mai atamfa ya riƙa ba da labari a majalisarsa cewa littafin yaron nan ya sa mawaƙiya ta tuba. Aka ce a sake bugawa, kuma a ƙara shafi ɗaya a ƙarshe. Na ƙara. Na rubuta cewa matar da aka ambata a babi na huɗu Allah ya shirye ta, yanzu ta sami natsuwar da ta rasa shekara da shekaru. Na rubuta wannan a ɗakina, ita tana tsakar gida tana tsince wake, ko tari ba ta yi. Ɗan mai ƙwarya ya ɓace, aka koma ce mini Malam mai littafi. Abokin aikin nan nawa da ya fara tsokanata shi ne ya riƙa riƙe mini jaka in an gayyace ni yin jawabi. Har matar da na aura, ta wannan suna iyayenta suka san ni.

Abin da Goggo ta shiga yi bayan haka shi ne ya fi ci mini rai. Ta ɗauki bin gidaje. Duk gidan da ta tuna ta taɓa yin kiɗa, sai ta je bayan ta tashi daga kasuwa, ta yi sallama, ta durƙusa a gaban matan gidan ta roƙe su gafarar zunubin da ta sa su. Wasu suka yi dariya suna zaton sabuwar tsiya ce ta ƙirƙiro, suna jira ta fashe. Wasu suka rungume ta suna kuka. Wata tsohuwa ta kore ta, ta ce ranar bikin 'yarta ita ce rana mafi daɗi a rayuwarta, ba kuma za ta yafe abin da ba laifi ba. Kusan shekara biyu tana wannan zagaye, har Kwandere ta je a bayan a-kori-kura. In ta dawo takan gaya mini gidajen da ta gama da waɗanda suka rage, kamar ɗaliba tana nuna wa malami aikin gida.

Bisa ga littafina, yanzu ne ya kamata ta yi farin ciki. Na zuba ido ina jira, don ina so in ga na yi gaskiya. Ta yawaita nafila, ta riƙe azumin Litinin da Alhamis, ta rage magana. A kasuwa ta daina tsokanar masu ciniki, ta auna ta miƙa kawai. In an yi baƙi aka faɗi abin dariya, sai ka ga bakinta ya fara motsi, sai ta kama kanta ta yi istigfari. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Da ta zage ni da na sami sauƙi. Abincina yana nan a rufe a kan kari, in na yi jawabi a wani wuri ita ce mai gaya wa maƙwabta da alfahari.

Bukukuwan kuma ba su daina ba. Da mai ƙwarya ta tafi, sai aka koma ɗauko samari masu manyan lasifika da janareto, a kafa su a kan titi, maza da mata a cakuɗe ana rawa har a tare hanya. Abin da na gyara wa Lafia ke nan. Ni da na rubuta littafi guda a kan farin ciki, ba na jin na yi wata cikakkiyar dariya a shekarun nan, gidan ya yi mini tsit ko da na kawo mata a cikinsa.

Mun yi shekara biyar da aure kafin Allah ya ba mu haihuwa. Mace aka samu, na sa mata sunan Goggo. Na ɗauka wannan zai biya wani abu. Ranar suna, bayan an watse daga addu'ar safe, manyan baƙina suka zauna a kan tabarmi a ƙofar gida: alhaji mai atamfa, da malaman gindin mangwaro, da surukina. Cikin gida ya cika da mata. Biyu daga cikin abokan kiɗan Goggo suna raye, sun zo, kuma doguwar nan ta shigo da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi.

Wajen azahar aka ce Goggo tana kirana. A zaure na same ta, a tsaye, ta ci ado da atamfar da ta daɗe a ƙasan akwati. Tsakaninmu da mazan da ke waje labulen kaba ne kawai. Rabon da in ga idonta yana ƙyalli haka, na manta.

"Ɗana," ta ce, "mata ne kawai a ciki. Waƙa ɗaya, na takwarana. Ba zagi, ba komai. In ka ce babu laifi, zan yi. In ka ce akwai, na haƙura. Kai ne ka yi karatu."

Hirar da ake yi a waje ta ɗauke. Na ji alhaji ya ajiye kofin shayinsa. Na san amsar, na san littafin da take ciki, na san har gefen shafin. Kalma biyu ce, babu laifi, kuma da na faɗe ta da matar nan ta koma cikin gida da gudu kamar yarinya. Amma a bayan labulen nan akwai mutum goma da suka san ni da babi na huɗu, ba ni kuma da wani abin da aka san ni da shi sai wannan.

"Goggo, kin riga kin bari," na ce, da ƙarfi yadda za a ji a waje. "Kada ki ɓata tubanki."

Wani a waje ya ce madalla. Ta dube ni ɗan lokaci, ba fushi a fuskarta. Ta ce to, Allah ya yi mini albarka da na tsare ta. Ta gyara mayafinta ta koma ciki, ni kuma na koma kan tabarma aka matsa mini wuri a kusa da alhaji.

Da yamma matata ta ba ni labarin sauran. Ta ce doguwar ta ɗauki ƙwaryarta ta fita ko abinci ba ta ci ba. Goggo kuwa ta karɓi jaririyar ta zauna da ita a ƙuryar ɗaki har la'asar. Matata ta ce ta lura yatsun Goggo suna bugun bayan yarinyar a hankali, bugun kiɗa sosai, leɓenta yana motsi babu sauti. Da ta ga ana kallonta sai ta dunƙule hannun ta sa a ƙarƙashin cinyarta.

Da damina mai zuwa Goggo ta kwanta ciwon ajali, ba ta kai ga ganin Lafia ta zama babban birnin jiha ba. Kwana tara ta yi tana jinya, ina zaune a gefenta kusan kullum, mu biyu kaɗai, babu alhaji, babu labule, babu wanda zai ji. Kowace rana nakan ce gobe zan gaya mata gaskiya. A rana ta takwas ta kama hannuna ta ce akwai gidaje uku a Shabu da ba ta samu ta je ba, ta faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya, ta roƙe ni in je a madadinta in nema mata gafarar waƙoƙin da ta yi musu. Na ce mata zan je.